Babi na Shida: Daga Ramin Kuza Zuwa Ma'ajiyar Wertheim

Wanda ya tashi daga Terminus a Jos ya nufi Bukuru, ya zarce ta Rayfield ko Barikin Ladi, ba zai rasa ganin tuddan jar ƙasa da aka tono aka jibge ba, da tafkunan da ke kwance a gindinsu. Ramukan kuza ne, hannun mutum da bakin inji suka haƙa su. A tsakaninsu akwai wani abin da ido ya saba da shi har ya daina gani, wato gine-ginen da aka yi domin aiki, aikin ya tafi ya bar su: rumbunan ajiya masu dogon rufi, wuraren gyaran injuna, shagunan layin dogo, masana'antun da ciyawa ta cinye harabarsu. A kan irin waɗannan gine-gine wannan babi yake, kuma sai mun je Amurka da Jamus kafin mu dawo gida.

Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Ririwai suke narka kuza, fatake suna kai ta kasuwanni a matsayin siraran sanduna. Sawun waɗannan sanduna Kamfanin Neja ya bi a farkon ƙarni na 20 har ya hau tsaunin Filato. Daga nan abubuwa suka yi sauri. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a wajajen 1914, babban layi ta Kafanchan ya biyo baya a 1927, kamfanin NESCO ya fara samar da lantarki daga ruwan Kurra lokacin da yawancin biranen Najeriya ke kwana da fitilar aci-bal-bal. Leburori suka kwararo daga Kano da Zazzau da Bauchi da Borno, ma'aikatan ofis da masu sana'a suka zo daga kudu, suka tarar da Berom da Anaguta da Afizere waɗanda gonakinsu ne aka mayar ramuka. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, gwamnatin mulkin mallaka ta ɗebo dubun dubatar talakawa aikin tilas, sanyin Filato da yunwa da cuta suka kashe da yawa daga cikinsu. A farkon shekarun 1960 aka buɗe masana'antar narka kuza ta Makeri. Sai kuzar da ke kusa da sama ta fara ƙarewa, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, kasuwar kuza ta duniya kuma ta rushe a watan Oktoba na 1985. Manyan kamfanoni irin su ATMN suka zama labari.

Akwai wani gari a Amurka da ya sha irin wannan ɗaci, sai dai nasa ya fi girma. Detroit gidan ƙera motoci ne, inda Ford da General Motors da Chrysler suka yi tashe. A 1950 mutanensa sun haura miliyan 1.8. Baƙaƙen fata daga kudancin Amurka sun cika shi domin aikin masana'anta, kamar yadda kakanninmu suka cika barikokin kuza. Daga baya kamfanoni suka fara kwashe aiki zuwa wasu wurare, injuna masu sarrafa kansu suka maye gurbin mutane, tarzomar 1967 ta ƙara korar masu hali zuwa bayan gari. Har kamfanin waƙa na Motown, abin alfaharin garin, ya tattara ya koma Los Angeles a 1972.

A cikin wannan hali wasu samari uku baƙaƙen fata suka tashi a Belleville, ƙaramin gari kusa da Detroit: Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson. Da dare suna sauraron wani mai gabatar da shiri a rediyo da ake kira Electrifying Mojo, wanda ba ya bin ƙa'idar kowa. Yakan saka kiɗan Parliament-Funkadelic na baƙaƙen Amurka, ya bi shi da na Kraftwerk, ƙungiyar Jamusawa daga Düsseldorf da ke kiɗa da na'urori zalla. Samarin ba su da kuɗin tara makaɗa goma da kayan busa. Abin da hannunsu ya kai gare shi na'urorin Japan ne na kamfanin Roland, TR-808 da TR-909, waɗanda manyan situdiyo suka raina saboda sautinsu bai yi kama da gangar gaske ba, har farashinsu ya faɗi a kasuwar kayan gwanjo. Da waɗannan suka gina wani sabon kiɗa. Atkins ya kafa kamfanin faifai na Metroplex a 1985, May ya fitar da "Strings of Life" a 1987, a 1988 kuma wani kamfanin Ingila ya tattara ayyukansu a faifai ɗaya, sunan tekno ya bi duniya daga nan.

Ga wanda bai taɓa ji ba, tekno kiɗa ne da yawanci babu waƙa a cikinsa. Bugu ne mai nauyi da ke sauka daidai wa daida, sau 125 zuwa 140 a minti ɗaya, kamar luguden mata a turmi idan hannu ya yi daidai, sauran sautuka suna shiga suna fita a kansa a hankali. DJ, wato mai saka faifai, yakan haɗa ƙarshen faifai da farkon wani ba tare da an ji gaɓa ba, har a yi awa shida ko takwas bugun bai yanke ba. Kunnen Bahaushe da ya saba da kalangu mai magana zai iya jin sa a bushe da farko. Amma kiɗan na'ura ba baƙonmu ba ne. Mamman Sani na Nijar ya naɗi kiɗansa na ogan mai lantarki tun 1978, kuma rabin waƙoƙin finafinan Hausa da muka tashi da su a kan fiyanon Yamaha aka buga su.

Abin da ya ba ni mamaki a tarihin nan shi ne Amurka ba ta karɓi kiɗan 'ya'yanta ba. Gidajen rediyo ba su san inda za su ajiye shi ba. Wani kulob da aka buɗe a Detroit a 1988, Music Institute, bai daɗe ba ya rufe. Sai da kiɗan ya ƙetare teku zuwa Balin ta Jamus ya sami ɗakin da ya dace da shi.

Balin a lokacin birni ne da aka tsaga biyu. Tun 13 ga Agusta 1961 katanga ta raba gabas ta 'yan gurguzu da yamma ta 'yan jari-hujja, tsakanin ɓangarorin kuma akwai fili mai faɗi da aka share, da sojoji masu umarnin harbi. Da katangar ta faɗi a 9 ga Nuwamba 1989, sai tsakiyar birnin ta bayyana a matsayin kango: filaye babu komai, gine-ginen da ba a san mai su ba, masana'antun gwamnatin gabas da suka tsaya cak. Hukumomi sun ruɗe, dokar gabas ta mutu, ta yamma ba ta gama zama ba. Matasa suka shiga neman ɗakuna da tocila a hannu.

Cikinsu akwai Dimitri Hegemann, mutumin wani ƙaramin gari a yammacin Jamus da ya zo Balin karatu ya zauna. Tun 1982 yake shirya bikin kiɗa mai suna Atonal, kuma shi da abokinsa Achim Kohlberger sun taɓa gudanar da wani ƙaramin kulob, Ufo, a ƙarƙashin wani gida. Bayan Ufo ya rufe, su biyu tare da Johnnie Stieler, wanda ɗan gabas ne, suka shiga neman sabon wuri. A titin Leipziger, 'yan taku daga inda katangar ta bi, suka ga wani gajeren gini da ba ya ɗaukar ido. Kamar yadda su da kansu suke ba da labarin, a cikinsa suka tarar da wata ƙofa da aka toshe, bayanta matakala tana gangarawa cikin duhu.

Abin da ke ƙasan yana da tarihinsa. A wurin ne katafaren kantin Wertheim ya taɓa tsayawa, wanda aka fara ginawa a 1896, ya zama ɗaya daga cikin manyan kantunan Turai. Na wani gidan Yahudawa ne. 'Yan Nazi suka ƙwace shi a shekarun 1930, bama-baman yaƙi suka ƙona shi, gwamnatin gabas ta rushe sauran a tsakiyar shekarun 1950. Abin da ya tsira shi ne ma'ajiyar kuɗin kantin a ƙarƙashin ƙasa, mai bango mai kauri da ƙofar ƙarfe da sandunan ƙarfe irin na kurkuku, da ɗaruruwan akwatunan ajiya a jere jikin bango, an fasa su, tsatsa ta ci su. Shekara arba'in da ɗoriya babu wanda ya kula da ɗakin. Babu ruwa, babu wuta, sai laka da ɓaraguzai.

Ba su gyara shi ya zama wani abu dabam ba, kuma a ganina wannan shi ne hukunci mafi muhimmanci da suka yanke. Sun kwashe shara, sun ja wuta da ruwa, sun kafa lasifika, suka bar bango yadda yake da akwatunansa. DJ yana tsayawa a bayan sandunan ƙarfe. Haske kusan babu, sai fitila mai walƙiya da na'urar feshin hayaƙi, har mutum ba ya ganin fuskar na kusa da shi. Takardar izinin da suka samu ta gidan nuna zane ce mai wurin shan abin sha a tsaye, hayar kuma ta 'yan watanni ce ana sabuntawa, domin kowa ya san ranar da filin ya yi daraja za a tashe su. A watan Maris na 1991 suka buɗe, da sunan Tresor.

Wannan duhun ya yi wani aiki da 'yan siyasa ba su iya yi ba a lokacin. Jamus ta haɗe a takarda a Oktoban 1990, amma zukata ba su haɗe ba. Ɗan yamma yana kallon ɗan gabas a matsayin baƙauye mai tsohon wando, ɗan gabas yana kallon ɗan yamma a matsayin mai girman kai da ya zo saye ƙasarsa. A ma'ajiyar Wertheim tufafi ba sa ganuwa, ƙarar kiɗa ba ta barin a ji karin harshen kowa, kiɗan kuma babu kalmomin da wani zai ce na ɓangarensu ne. Wurin ma ba na kowa ba ne. Yana kan iyaka, a filin da shekara biyu da suka wuce wanda ya taka shi zai iya rasa ransa. Da yawa daga waɗanda suka yi zamanin sun shaida cewa a irin waɗannan ɗakuna ne suka fara yin aboki daga ɗaya ɓangaren.

Hegemann ya riga ya san Jeff Mills na Detroit ta wata ƙungiya mai suna Final Cut, don haka ya gayyato shi da abokansa na ƙungiyar Underground Resistance, wato Mike Banks da Robert Hood. Waɗannan ba irin samarin Belleville ba ne. Kiɗansu ya fi tsauri, suna rufe fuska, suna ƙin manyan kamfanonin waƙa, suna magana a kan talaucin unguwanninsu. Faifai na farko da kamfanin Tresor ya fitar a 1991 nasu ne, mai suna X-101. Juan Atkins da Blake Baxter da wasu suka biyo baya. A 1993 kamfanin ya fitar da tarin kiɗa da ya kira ƙawancen Balin da Detroit. Makaɗan da garinsu bai ba su wurin tsayawa ba suka tarar da dubban matasa suna jiran su a layi cikin sanyin Jamus. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan, domin yau da yawa suna ɗauka tekno kiɗan Turawa ne. Samari baƙaƙen fata ne suka ƙirƙire shi.

Hayar 'yan watanni ta kai shekara 14. A Afrilun 2005 masu filin suka karɓi abinsu, aka rushe ginin, aka yi ofisoshi, unguwar kuma yau babbar cibiyar kasuwanci ce. Shekara biyu Tresor ba shi da gida. A Mayun 2007 ya sake buɗewa a titin Köpenicker, a cikin tsohuwar tashar wuta da ɗumama gidaje ta unguwar Mitte, wadda gwamnatin gabas ta gina a farkon shekarun 1960 aka daina aiki da ita a 1997. Gini ne na kankare tsagwaro, zauren injunansa ya kai tsayin bene mai hawa da yawa. Kulob ɗin ya sauka can ƙasa, ana bin dogon rami kafin a isa, aka kwaso wasu daga tsofaffin akwatunan ajiya aka jera. Babban zauren kuma ya zama wurin baje kolin zane da wasanni, bikin Atonal ya dawo cikinsa a 2013. Tsohuwar ƙofar ƙarfen ma'ajiyar Wertheim daga baya an kai ta gidan tarihi na Humboldt Forum.

Tresor ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. E-Werk ya zauna a tsohuwar tashar rarraba lantarki daga 1993 zuwa 1997, Berghain kuma, wanda ya fi kowanne suna a yau, ya buɗe a 2004 a wata tsohuwar tashar wutar. Dalilan a fili suke. Ginin masana'anta an yi shi ne domin ya jure ƙara da girgiza, bangonsa yana riƙe sauti, yana nesa da masu barci, yana ɗaukar jama'a, kuma a lokacin da babu mai so hayarsa ba ta taka kara ta karya ba. Hukuma ta daɗe kafin ta gane abin da ke hannunta. A 2016 wata kotun haraji ta yanke cewa abin da ake yi a Berghain aikin al'ada ne, a caje shi harajin kashi 7 cikin ɗari irin na gidajen kiɗa maimakon kashi 19. Wani bincike na ƙungiyar masu kulob ta Balin ya ƙiyasta cewa a 2018 baƙi kusan miliyan 3 sun zo birnin saboda gidajen kiɗansa, sun kashe kusan yuro biliyan 1.5. A Maris na 2024 Jamus ta saka tekno na Balin a jerin al'adunta na gado.

Na san abin da ke ran mai karatu tun shafi biyu da suka wuce, kuma yana da gaskiyarsa. Gidan rawa na dare ba abin da iyayenmu za su yi wa ɗansu fatansa ba ne, ko a masallaci suke ko a coci. A gidajen Balin akwai giya, akwai ƙwayoyi, akwai abubuwan da addininmu da tarbiyyarmu suka hana, kuma akwai matasan da rayuwarsu ta lalace a can. Bikin titi na Love Parade da ya fito daga wannan al'ada ya ƙare da mutuwar mutum 21 a turmutsitsi a garin Duisburg a 2010, a harabar tsohuwar tashar jirgin kaya, saboda hanyar shiga da fita ɗaya ce. Mu da muke ganin abin da kodin da tiramol suka yi wa samarinmu ba ma bukatar wanda zai yi mana bayanin wannan haɗari. Ba na kiran a kwafo Berghain a dasa a Bukuru. Abin da nake so a duba ya fi rawa zurfi: gari ya bar matasansa su shiga ginin da ya mutu su yi wani abu da shi, kafin masu kuɗi su ga amfaninsa.

Jos ba ta rasa masu yin abin ba. Barikin kuza tun asali wurin kiɗa ne, domin inda leburori suka karɓi albashi ranar Asabar nan makaɗa suke sauka. A Bukuru aka haifi Adamu Ɗanmaraya a 1946, kuma kuntiginsa, wanda ya zaga duniya da shi, gwangwanin kifi ne aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya. Bai yi wa sarakuna kaɗai waƙa ba, ya yi wa karen mota da talakan birni, mutanen da garin ma'adinai ya haifar. A shekarun 1970 ƙungiyar Sahara All Stars ta Jos tana buga nata salon. Panam Percy Paul ya gina waƙar bishara a garin. Tagwayen P-Square a Jos suka tashi suka fara rawa tun suna makarantar St. Murumba. M.I Abaga da ƙanensa Jesse Jagz da Ice Prince da Jeremiah Gyang duk ƙasar Filato ce ta rene su. Ga Hukumar Finafinai ta Najeriya da makarantarta a garin, ga masu shirya finafinan Hausa da suka daɗe suna aiki a cikinsa. Da wuya a sami gari mai girman Jos a Najeriya da ya fitar da mawaƙa haka. Amma mafi yawan waɗanda suka yi suna a zamanin nan sai da suka hau motar Legas ko Abuja. Jos ta zama Detroit a wannan fuska, tana haifa wasu suna morewa.

Sanadin ba ɓoyayye ba ne. Daga 7 ga Satumba 2001 garin ya shiga wani zamani. A Fabrairun 2002 babbar kasuwar Terminus ta ƙone, wurin da kowa da kowa ke haɗuwa, kuma shekaru suka yi ta wucewa tana tsaye a ƙone. Rikicin Nuwamban 2008 da na Janairun 2010 suka biyo, bam ya tashi a Terminus a Mayun 2014 ya kashe fiye da mutum ɗari. Kowane rikici yana zuwa da dokar hana fita, kowace doka tana koya wa mutane su koma gida kafin magariba. Unguwanni suka tace kansu. Musulmi ya sayar da gidansa ya koma inda 'yan uwansa suke, Kirista ma haka. Akwai yaron da aka haifa a Unguwar Rogo, ya yi digiri, bai taɓa cin abinci a Unguwar Rukuba ba, akwai kuma takwaransa a can da bai taɓa shiga Gangare ba. Babu wanda ya ɗora bulo ko ɗaya, amma direban Keke ya san inda katangar take.

A nan ne tsofaffin gine-ginen aiki suke da wata daraja da sabon gini ba zai samu ba. Zauren taro da coci ta gina na coci ne, wanda ƙungiyar Musulmi ta gina nata ne, wanda ɗan siyasa ya gina na jam'iyyarsa ne. Rumbun kuza da shagon layin dogo da harabar masana'antar mulmula ƙarfe ta Jos, wadda aka kafa tare da ta Katsina da ta Osogbo a farkon shekarun 1980, duka wurare ne da kakan Bahaushe da na Berom da na Ibo da na Bayarabe suka yi gumi tare. Kowa yana da haƙƙin cewa nasa ne. Ba na cewa kiɗa zai warware rigimar ƙasa ko ta wane ne ɗan asali da wane ne baƙo. Waɗannan na bukatar adalci da shari'a da shugabanni masu tsoron Allah. Amma yaran da suka taɓa raba situdiyo ɗaya, suka yi rigima a kan wanda zai fara naɗa, suka haɗa kuɗin man janareta, zai yi wuya a ba su adda a ce su sari juna.

Sai dai gini shi kaɗai ba ya isa, kuma Hegemann da kansa ya gwada ya gani. A wajajen 2014 ya je Detroit da niyyar mayar da wata tsohuwar masana'antar jikin mota, Fisher Body 21, cibiyar kiɗa da fasaha, a matsayin rama alheri ga garin da ya ba shi arziki. Abin bai yiwu ba. Cikin matsalolin da ya yi ta kuka da su akwai dokar da ke rufe harkar dare da ƙarfe biyu. Balin ta yamma kuwa ta soke irin wannan doka tun 1949, bayan wani mai otal, Heinz Zellermayer, ya shawo kan kwamandan Amurkawa. Ma'ana, kafin a sami ma'ajiyar Wertheim an riga an sami gari da mutum zai fita da dare ya dawo lafiya, da wuta da ba ta ɗaukewa, da jirgin da zai kai shi gida. A Jos tsaro shi ne sharaɗi na farko, wuta na biyu. Abin takaici ne a ce garin da ya riga kusan kowa samun lantarki daga ruwa yau mai situdiyo a cikinsa yana lissafin litar fetur kafin ya kunna kwamfuta.

Akwai kuma haɗarin da ya keɓanta da mu. Ƙasar da aka wanke kuza da kwalambait aka zubar tana ɗauke da ma'adinai masu fitar da radiyeshan, masana a Jami'ar Jos da wasu wurare sun daɗe suna gargaɗi a kai. Duk ginin da aka taɓa tace ma'adini a cikinsa sai an auna shi kafin a tara yara. Tafkunan ma suna cin rayuka. Wurin shaƙatawa na Rayfield, wanda aka yi a bakin tsohon ramin kuza, ya nuna cewa ana iya mayar da tabon ma'adinai wurin da iyali za su je, amma da shinge da masu lura. Darasin Duisburg kuma a rubuta shi a ƙofa: hanyar fita fiye da ɗaya, a buɗe, kowane lokaci.

Abin da zai dace da Jos mutanen Jos ne za su tsara shi. Yana iya zama zauren da rana ake koyon haɗa sauti da gyaran na'ura da ɗaukar fim, da yamma a yi wasa a tashi kafin dare ya yi nisa, babu giya, mata da iyaye suna iya shiga. Yana iya zama inda mai kuntigi da mai molo da masu gangunan Berom za su zauna da yaron da ke haɗa bugu a kwamfuta su ga abin da zai fito. Sanyin garin ma gata ne, domin zauren kwano da ba zai zaunu ba a Sakkwato a watan Afrilu, a Jos zai ɗauki mutum ɗari biyar ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba.

Kirana ga gwamnatin Jihar Filato, da Hukumar Jiragen Ƙasa, da hukumar da ke sayar da kadarorin gwamnatin tarayya, da 'yan kasuwar da suka sayi masana'antu suka kulle, shi ne a fitar da jerin gine-ginen aikin da ke zaune babu amfani tsakanin Jos da Bukuru, a sa injiniyoyi su duba lafiyarsu, a zaɓi guda ɗaya da ke tsakanin unguwanni inda kowane ɓangare zai iya zuwa ba tare da fargaba ba. A ba da shi haya mai sauƙi na shekara ɗaya ga matasan da suka haɗa Musulmi da Kirista a shugabancinsu, a sa musu wuta da masu gadi, a bar musu tsarin abin da za su yi a ciki. Idan shekara ta cika a zo a duba.